Jar Rizgar Gwaggo Maimuna

Ranar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu a gefen Bena, kowa ya suri abin da hannu ya kai: wani akuya, wani buhun dawa. Gwaggo Maimuna, ƙanwar babana, ta iso gidana a Zuru ƙafa a kumbure, da tsohuwar tukunya a ka. Na buɗe, sai toka, a cikin tokar kuma 'yan saiwoyi kamar yatsu.

Na ce, "Haba Gwaggo! Ko zane ba ki ɗauko ba, sai rizga?"

Ta ce, "Zane akwai a kasuwa."

Rizgar da ake kawowa kasuwa fara ce. Tata ja ce, ga gari ga zaƙi, kuma ta ce duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa ganin irinta a hannun kowa ba sai zuriyar uwarta. Ita kuwa rizga ba ƙwaya ake ajiyewa a rumbu ba, saiwar ake mayarwa ƙasa duk shekara. Damina ɗaya ta wuce ba a shuka ba, an yi sallama ke nan. A gidansu, ranar da ɗiya za ta tare, uwa kan saka mata iri a ɗan kwando ta tafi da shi. Haka kaka ta ba uwa, uwa ta ba Gwaggo, Gwaggo ta ba ɗiyarta Fadima. Fadima ta rasu wurin haihuwa, nata irin ya bi ta. Saura jika ɗaya, Rachel, wadda ta tashi a Zuru wurin ubanta Yari, aurenta kuma ya matso. Don kwandon Rachel tsohuwa ta ɗauko tukunyar nan.

Gwaggo ba ta da daɗin zama, gaskiya ɗaya ce. Idan muka fita bayan gari neman itace, sai ta yi ta tsayawa tana faɗa da kututture. Nan kirya ce aka mayar gawayi, can madobiya ce aka yanke aka loda a mota, ga wurin da ya kamata a ga taura babu ko ɗaya. Tana kiran sunayensu da yarenmu, wasu ni kaina ban taɓa ji ba. In na ce mu tafi rana ta yi, sai ta ce mu 'yan birni ko ciwon ciki ya kashe mu a tsakiyar daji ba za mu san ganyen da za mu tsinka ba. Duk ranin nan kuwa ko saiwa ɗaya ba ta yarda an ɗanɗana ba. Rachel ta roƙa, ta ce rabonta da ci tun tana ƙarama, kafin hanya ta lalace. Gwaggo ta ce, "Iri ake ci? Jira kaka."

Da ruwa ya sauka, Yari ya yanka mata kunya kaɗan a bakin gonarsa. Ta shuka duka, ba ta rage komai ba, don abin da ya kai damina da rai bai cika tafi biyu ba. Kullum tana can, tana korar awaki da aladun mutane. Kuma ba ta nome wurin tas yadda ake yi yanzu. Tafasa, lalo, ƙarƙashi, duk abin miyar da ya fito da kansa sai ta bar shi tsakanin rizgar. Wanda bai sani ba zai rantse gonar raggo ce.

To, ga Mika, saurayin Rachel, yana golmo, wato noman da saurayi yake yi wa uban budurwa kafin a ba shi ita. A wurinmu babu abin kunya ga ɗan golmo kamar a ga ciyawa a gonar surukai. Yari kansa ya yi wa mijin Gwaggo golmo, amma da fartanya, mai fartanya kuwa sai ya sunkuya ya ga abin da zai sara. Samarin yanzu famfon feshi suke goyawa, suna tafe a miƙe suna hira.

Wata ranar kasuwa na ja Gwaggo ta raka ni sayar da daddawa. Mika ya zo da abokansa, suka feshe gonar Yari kafin shuka ta biyu. Da suka kai bakin gona ya ga kunyoyin tsohuwa a cunkushe, ya ce wa abokan, "Yanzu mu bar kakar matata da wannan daji? Ai sai a yi da mu a gari." Ya ƙara maganin kashe ciyawa a famfo, ya bi kunya-kunya da kansa, a hankali, don kada ya tsallake ko ganye. Da yamma har gida ya zo yana murmushi, ya durƙusa ya ce, "Kaka, ki huta, mun gama miki naki."

Wallahi da na sami muciya a kusa da na kwaɗa masa. Na zage shi tas, na ce garin neman gira ya rasa mana ido. Gwaggo kuwa miƙewa ta yi. Ta ɗauki bokiti ta tafi gona, ta yi ta wanke ganyen ɗaya bayan ɗaya kamar mai wanke jariri. Na bi ta da tulu ina kuka.

Banza. Maganin nan har saiwa yake bi. Ganye ya yi rawaya, ya bushe, da ta tona sai ruɓa da wari. Muka yi ta cigiya wurin 'yan gudun hijira, ko wata ta fito da ja. Babu. Wani da ya saci jiki ya leƙa ƙauyen ya ce shanu sun tattake gonakin, ko alamar kunya babu. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Mika ya rame kamar shi aka fesa wa. Da kaka ta yi, ya nemo farar rizga cike da kwarya ya kawo. Gwaggo ta karɓa ta ce Allah ya yi albarka, ya yi ne don kirki. Ni dai har yau gaisuwarsa da ƙyar nake amsawa.

Ranar tarewa, farar ta saka a kwando, don kada jikarta ta fita hannu sake. Rachel ta durƙusa ta karɓa, idonta cike da hawaye, ta ce, "Kaka, ko gaya mini yadda jar take a baki, in gaya wa 'ya'yana."

Gwaggo ta dube ni, ta dubi kwandon. Can ta ce, "Ɗiyata, ni ma na fara mantawa."