Rungumar Iska a Bayan Ɗaki

Ban gaya wa kowa ba, tun da muka gudo daga Madani numfashina ke sarƙewa. A telefon na ga cigong, motsa jikin tsofaffin China: a lanƙwasa gwiwa, hannuwa kamar an rungumi bishiya, a ja numfashi sannu. Na gwada, na samu sauƙi.

Jiya kakata ta kama ni.

"Mashallah ya bitti, 'yar nan, riɗi na jiran a sheƙe, ke kina rungumar iska. Gobe Faki, malaminmu, zai yi miki turaren aljanu."

Yau na tsaya haka rungume da tulu, ta wuce tana sa min albarka. Da tulun zan ci gaba.

Ku me kuke riƙewa don a ƙyale ku?