Doyar da na dawo da ita daga Jugu

Ni na saya wa matata wayar da hannuna, saboda haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Lokacin tana da cikin fari, muna zaune a ɗaki biyu a unguwar Albarika cikin Paraku, ni kuma ina wuni a shagon atamfa da na gada wurin baffana a kasuwar Arzeke. Na ce wayar za ta ɗebe mata kewa. Ba a yi wata biyu ba ta gano shafukan nan da iyaye mata ke rubutawa a kan renon 'ya'yansu. Wata tana Kwatano, wata tana Yamai, wata ma can ƙasar Turawa, kowacce ta zauna ta zayyana wa duniya yadda jaririnta ya yi gyatsa. In na dawo daga kasuwa sai ta karanta min, tana fassara Faransancin da ya fi ƙarfina, don ita ta yi lakkwal, wato makarantar boko, mai nisa, ni kuwa aji huɗu na yi baffa ya ja ni shago.

Haushi abin yake ba ni, ba zan ɓoye ba. Mace ta haihu, maimakon ta gode wa Allah ta kama bakinta, sai ta tara mutanen da ba ta taɓa gani ba tana ba su labarin kashin yaro da ciwon nono. Wata har cewa ta yi wai akwai ranar da ta gaji da ɗanta. Na ce wannan ai rashin aikin yi ne.

"Inna ta haifi tara a Jugu," na ce mata, "ko harafi ɗaya ba ta rubuta ba, ga mu nan da ranmu."

"Maigida, ai ba don ku ake rubutawa ba," ta ce tana dariya.

Da ta haihu, ta yi arba'in, sai ta nemi izini ita ma ta buɗe nata shafin. Na ce ta buɗe, amma da sharaɗi: kada in ga hoton yarinya, kada in ga sunan kowa, kuma maganar danginmu ba ta shiga ciki. Ta ce ta ji. Daga ranar ban ƙara bi ta kai ba. Ina ganinta tana latse-latse da hannu ɗaya, yarinya na kan cinya, in yi mata tsiya in ce malama marubuciya a taimaka mana da ruwan wanka. Ban taɓa buɗe shafin ba, kuma ina alfahari da hakan.

Yarinyar sunan Inna aka sa mata, ga ta kuma 'yar fari, don haka kunya biyu ta hau kanmu. Ba mai kiran sunanta a cikinmu. Ni ina cewa "wannan", uwarta na cewa "mai sunan Inna". In baƙi suka zo, matata takan miƙa ta ga wata ta kau da kai, ko kuka take sai wani ya ce a ba ta nono kafin ta karɓa. Ni ma sai na rufe ƙofa nake ɗaukarta. Tana da wata ɗabi'a ta kama gemuna da hannu biyu tana ja, ni kuwa in yi kamar zafi ya kashe ni don ta yi dariya. Ina sonta son da ban san akwai irinsa ba, amma ko da wasa ban faɗa wa kowa ba.

Tana gab da cika shekara biyu Inna ta aiko a kai mata ita yaye. Yayata ce ta zo daga Jugu ɗaukarta. Yaya shekararta ashirin da biyu da aure a lokacin, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Aka ce kwana arba'in ne, yarinya ta manta nono a dawo da ita. Kwana arba'in suka cika, na jira aike, shiru. Ranar na hamsin Inna ta kira ni a waya ta ce, "Yarinya ta zauna. Na ba wa yayarka ita."

Ban yi mamaki ba. A gidanmu haka ake yi tun zamanin kakanninmu masu fataucin goro. Ɗa na dangi ne, inda babu sai a kai. Ni kaina ina shekara huɗu aka ɗauko ni daga Jugu aka kawo ni Paraku wurin baffa don ba shi da ɗa namiji. Raina ya ɓaci, amma na ce wa kaina abin da aka yi min ne, kuma ban mutu ba.

Na sami matata tana tsince wake a faifai, na faɗa mata. Hannunta ya tsaya kaɗan, sannan ya ci gaba.

"To," ta ce.

"Kina da magana?"

"Wace magana zan yi a kan 'yar fari?"

Na ɗauka ta yarda ke nan. Har yabonta na yi a majalisarmu ta bakin masallaci, na ce duk bokon da ta yi bai cire mata kunya ba. Tana dafa abinci, tana wanki, tana gaishe ni in na dawo. Ta rame, na ce zafin bazara ne.

Wajen wata biyar bayan haka wata mai ɗinki daga unguwar Gema, wadda ta daɗe tana sayen atamfa a wurina, ta zo shago bayan azahar. Ta zaɓi turmi biyu, ina naɗe mata, sai ta sassauta murya.

"Alhaji, ka yafe ni, ban samu zuwa gaisuwa ba. Allah ya jiƙanta, ya sa mai ceto ce. Du courage."

"Wa ya rasu?"

"Yarinyar mana. Ai ina karanta shafin madam."

Na daka mata tsawa har maƙwabcina mai takalma ya leƙo. Na ce yarinya tana Jugu lafiyarta ƙalau, wane irin mugun baki ne wannan. Matar ta rufe baki da mayafi tana salati, tana rantsuwa cewa duk masu karantawa haka suka ɗauka. Kafin ta tafi na miƙa mata wayata na ce ta buɗe min shafin. Ta buɗe, ta fita da sauri, ko atamfar ba ta ɗauka ba.

Na sauke labulen shago rabi, na zauna a kan turamen atamfa na fara daga farko. Yawancinsa da Hausa ne, Faransanci jefi-jefi. Ga ranar da haƙori ya fito, ga kunun da yarinya ta ƙi, ga zazzaɓin da ya kai mu asibiti. Har ni ina ciki: wai maigidanta yana rufe ƙofa ya ɗauki yarinya, yana tsammanin ba ta gani ta tagar kicin. Abin da ya fara taɓa ni shi ne kalma ɗaya. A kowane layi "'yata" take cewa. 'Yata ta yi, 'yata ta ce. Shekara biyu muna ɗaki ɗaya ban taɓa jin kalmar nan a bakinta ba.

Daga nan rubutun ya canja. Ta rubuta yadda nono ya cika ya yi tauri har ta ɗaure ƙirji da zane tana kuka a banɗaki don kada a ji. Ta rubuta cewa kullum da safe tana wanke ƙaramin kofin roba na yarinya tare da sauran kwanuka, alhali ba wanda ya sha ruwa da shi. Wani wuri ta ce: "Yau na ji kukan yaro a gidan maƙwabta, na ajiye muciya na fita da gudu. Sai da na kai ƙofa na tuna 'yata ba ta nan." Ko sau ɗaya ba ta faɗi inda yarinyar ta tafi ba, saboda na hana ta saka maganar dangi. Shi ya sa matan da ke ƙasa suke ta yi mata ta'aziyya, ita kuma ba ta gyara musu ba.

Da farko fushi na yi, na ce ta tona mana asiri a gaban duniya. Fushin bai kai la'asar ba. Abin da ya biyo baya kunya ce da baƙin ciki, don matan da nake yi wa dariya, waɗanda ba su san ko fuskarta ba, sun san halin da matata ke ciki wata biyar, ni da nake cin tuwonta ban sani ba.

Da na koma gida na ɓoye mata abin da na gani. Washegari da safe na ce zan je Jugu. Ta dube ni, ba ta tambayi dalili ba, ta goge min kaftani ta haɗa min jaka. Sai da mota ta bar Paraku na buɗe jakar neman carbi, na ga wata 'yar riga mai hula a naɗe a ƙasa, irin wadda ake sa wa yaro saboda iskar hanya. Ashe mai ɗinkin ta riga ta kira ta. Na riƙe rigar a hannu har Jugu, ina maimaita abin da zan faɗa wa Inna.

Na shiga gidanmu, zaure na warin goro da ɗanyen ganye kamar kullum. A tsakar gida na ga Yaya, ta zo wuni wurin Inna, tana shanya, yarinya na goye a bayanta. Ta yi ƙiba, an yi mata kitso, an sa mata lalle. Na miƙa hannu, ta ɓoye fuska a wuyan Yaya ta ce, "Mama." Yaya kuwa ta koma yarinya, tana ta surutu, tana ba ni labarin wayon 'yar kamar ban san ta ba. Rabon da in ga haƙoran Yaya a waje tun kafin aurenta.

Na sami Inna a ɗakinta, na durƙusa na gaishe ta. Bayan an gama tambayar mutanen Paraku, na ce, "Inna, uwar yarinyar nan ba ta jin daɗi."

"Zazzaɓi?"

"A'a. Kewa ce."

Ta ɗauki goro ta ɓare.

"Ranar da baffanka ya tafi da kai," ta ce, "na ɗauki tulu na ce zan je ɗebo ruwa. Motarku na bi har bayan kasuwa. Wata uku ina zuba tuwo a ƙaramin akushinka, sai na zuba in tuna. Wa na gaya wa?"

Ina da shekara talatin da takwas a ranar, kuma ban taɓa sanin wannan ba. Kullum ina ɗauka ta ba da ni ne kamar yadda ake ba da aron tabarma. Na kasa ɗaga kai.

"Ni ba zan karɓe ta daga yayarka ba," ta ce. "Amma 'yarka ce. In kana so, tashi ka je ka kwance ta daga bayanta da hannunka. Wallahi ba zan hana ka ba."

Na tashi na fita tsakar gida. Yaya ta sauke yarinyar, tana zaune a kan turmi tana ba ta fura da ludayi. Ta ɗago ta ga fuskata, ta ga 'yar rigar a hannuna, ta gane. Ta ajiye ludayin.

"Ƙanena," ta ce, "ka ci abinci kuwa?"

Taku uku ne tsakanina da su. Na tsaya ina kallon yayata da ta goya ni kafin a kai ni Paraku, ina kallon 'yata da ke riƙe da gefen zanenta tana harara ta. Na ji bakina yana cewa gaisuwa kawai na zo yi, zan koma kafin yamma. Yaya ta fashe da kuka, ta shiga ɗaki, ta fito ta sa aka ɗaure min doya guda shida manya-manya.

Zemijan, wato ɗan acaɓa, ya sauke ni a ƙofar gida kafin magariba. Matata tana tsaye a bakin ƙofa da sabon zane. Ba ni ta kalla ba, bayan babur ta kalla, inda aka ɗaure doya. Ta zo ta kwance ta da kanta.

"Sannu da hanya, Maigida," ta ce.

Ta daka sakwara da doyar a daren, ta kawo min, na ci.

Washegari a shago na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na shiga shafinta da wani suna da ba nawa ba, na rubuta a ƙarƙashin rubutunta na ƙarshe: "Baiwar Allah, mijinki ya san halin da kike ciki kuwa?" So nake ta ce bai sani ba, ko ta ce yana ƙoƙari, in sami abin da zan riƙe. Amsa ta zo kafin la'asar.

"Ya sani. Ya je ya dawo da doya."

Wannan ne abu na ƙarshe da ta rubuta a shafin. Shekara huɗu ke nan. Allah ya ba mu maza biyu bayan haka, tana renonsu yadda ya kamata, amma ba ta rubuta komai a kansu, ba ta kuma karanta min na kowa. Ba ta taɓa ɗaga min murya a kan maganar ba, ni ma ban taɓa samun bakin tayar da ita ba. Yanzu ni ne nake zama a shago in babu ciniki ina bin shafukan matan nan ɗaya bayan ɗaya, ina haɗa Faransancin da ƙyar, ina tunanin mazajensu ko sun taɓa buɗewa. Ba na sa ran yarinyar za ta dawo. Ta shiga lakkwal a Jugu, kuma kowace shekara kwance ta daga bayan Yaya yana ƙara wuya.

Da Sallar da ta wuce Yaya ta kawo ta Paraku kwana biyu. Tana wasa da ƙannenta a tsakar gida, ta gaji, ta zo ta tsaya a ƙofar kicin ta ce wa uwarta, "Tanti, zan sha ruwa."

Matata ta miƙa hannu saman kanta ta ɗauko ƙaramin kofin robar nan, ta ɗauraye shi, ta cika ta ba ta.