Wayoyin Lukman a Kakar Albasa

Lukman ɗan ƙanena ne. A Kashin Zama aka haife shi, cikin gidan manoman albasa, amma tun yana ƙarami hannunsa ya fi son rediyon da ya lalace a kan fartanya. Yanzu yana da rumfar gyaran waya a Sabon Garin Jega, da mata, da 'ya'ya biyu.

Akwai wata tsohuwar waya mai ƙwari da direbobinmu da dillalan albasa suka riƙe. Kamfanin da ya yi ta ya daina kula da ita. Lukman ya shiga cikin wasu mutane na ƙasashe daban-daban masu haɗa babbar manhajar waya, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Aikin gayya ne, ba a biyan kowa. Wannan tsohuwar wayar ita ce kunyar da aka ba shi ya nome. Duk wanda ka gani da ita tsakanin Aliero da Maiyama tana aiki, ta bi ta hannunsa.

Bana, ana fara cire albasa, abokan aikinsa suka fitar da sabuwar manhaja. Ta fi riƙe kira inda sabis ba shi da ƙarfi, ta kuma toshe wata kafa da 'yan damfara ke bi. Suka ce kowa ya koma kanta, wayar da ba ta koma ba za a cire ta daga cikin waɗanda ake kulawa. Ba mugunta ba ce, hannuwa ne suka yi musu kaɗan.

Matsalar ita ce wani lokaci, in rana ta take, sabuwar takan kashe wayar. Ba kullum ba. Lukman ya kasa gane dalili. Direba kuwa in ya ɗauki lodi zuwa kudu, waya ce ke gaya masa kasuwar da zai sauke. Albasa ba ta jira.

Na same shi a rumfa ya jera wayoyi a kan kwanon rufi cikin rana, abincin da Raihanatu matarsa ta aiko ya huce.

"Baffa, in na tura musu ta mutu a hanya, ni ne. In na ƙi, a cire mu, nan da baɗi duk su zama bulo, ba su da amfani."

Na ce masa ban san waya ba. Na dai tambaye shi ko ya taɓa ganin ubansa ya dasa sabon iri a dukan fadama shekarar farko.

Sai ya raba aikin biyu. Ya ɗauko toshiyar kafar nan kaɗai ya ɗinka wa tsohuwar, ya bar wa matafiya. Sabuwar ya sa mana, mu da ba mu zuwa ko'ina. Abokan aikinsa suka yarda, zuwa ƙarshen kaka kawai.

Sai Maiwada direba, abokin wasansa, ya ji labari.

"Kai Lukman, tsohuwa za ka bar min kamar wani kakanka? Malami mai nama ma yana da sabuwa."

"Malami ba ya wuce mahauta. Kai Onica za ka."

"Matsoraci. Sa min, in ta mutu na yafe."

"Albasar da ke motarka ba taka ba ce da za ka yafe."

Tawa ce. Ina zaune a wurin. Maiwada bai bar rumfar ba sai da aka sa masa.

Kwana biyu da tafiyarsa, daga azahar wayarsa ta daina shiga. Dillalin can ya yi ta kirana, kasuwa ta cika, a karkatar da mota wani gari. Lukman ya kira, ya sake kira. Ya tsaya a bakin rumfa yana kallon titi kamar motar za ta ɓullo.

Bayan la'asar Maiwada ya kira da wayar wani mai shayi. Ya riga ya wuce mararrabar da zai karkata. Ba wasa a muryarsa.

"Kada ka kunna ta," in ji Lukman. "Kada ka ba kowa ya taɓa. Abin da ya kashe ta yana rubuce a cikinta. Ka kawo min ita haka."

Albasata ta kwana a mota, wani sashe ya jiƙe. Ban yi wa Lukman maganar ba, shi ma bai iya kallona ba.

Maiwada yana hanyar dawowa da wayar a naɗe cikin tsumma. Fadamu sun fara yin fili. Jiya na wuce rumfar, na ga Lukman ya share teburinsa, ya bar wuri ɗaya babu komai a kai.