Likita ya ce kada in ɗaga murya

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a shafin nan ba, kuma wannan labarin ko 'ya'yana ban taɓa ba su shi cikakke ba. Yau zan faɗa, don na ga ana ta tambaya a kan aikin cire hakin wuya ga babba.

Ni mutumin Tasawa ne, ta Nijar. A farkon shekarun tamanin na zo Kano, na samu inji a wata masaƙa a Bompai. Ɗaki ɗaya muke a Dakata da ƙanen mahaifiyata, Kawu Ilu.

Da zazzaɓi abin ya fara. Daga nan haɗiyar yawu ta koma kamar haɗiyar fasasshiyar kwalba. Ya tafi, ya dawo. Bakina ya riƙa wari har abokan aiki suna kau da kai.

Kawu ya ce belu ne, ya kira wanzami. Shi ya danne mini hannuwa da gwiwoyinsa, wani ya riƙe kaina, wanzamin ya taushe harshena da itace ya zura aska. A cikin kunnena na ji yankan. Belu ya tafi, ciwo yana nan.

A asibiti likita ya haska bakina, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi maka wannan ɓarna? Ai ba nan ciwon yake ba. Tsokokin nan biyu na gefe ne suka ruɓe, sai an cire."

Aka ɗibi jini, aka ba ni rana. Rediyona da kekena suka tafi a kuɗin magani.

Na farka daga allurar barci kamar an cusa mini garwashi. Ciwon har kunne. Ruwa ma sai na dafe gado nake haɗiyewa.

Ranar sallama likita ya ce, "Abu mai sanyi da laushi kawai. Mako biyu ba aiki. Kada ka ɗaga murya. In ka ga jini, ko cokali ɗaya ne, ka dawo."

Da Kawu ya ji, ya ce, "Sanyi a kan ɗanyen miki? Mutumin nan kashe ka zai yi." Ya dama kunu da citta da barkono, ya toshe mini hanci ya ɗura. Na hankaɗe shi, kwanon ya daki bango. Ya mare ni, sannan ya zauna yana share hawaye. Iyakar saninsa ke nan.

Mako bai cika ba sai ga Garba, foman ɗinmu, a bakin ƙofa.

"Ɗan Faransa, kana nan kana hutawa? Mutane sun cika bakin get suna jiran injinka. Wai da wuya kake saƙa ne ko da hannu?"

Ba ƙarya ya yi ba, na san get ɗin, ni ma a nan na tsaya. Washegari na koma.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin saƙa ba bai san ƙara ba. Mutum yana kusa da kai sai ka yi ihu zai ji. Na ɗaure baki da ƙyalle saboda ƙurar auduga, ina magana da hannu.

Injin gefena wani sabon ma'aikaci ne a kai, Sabo, daga wajen Ringim. Ina gani bel ɗin injin ya kama hannun rigarsa, ya fara jan shi ciki. Garba ne kusa da makunni, kuma ya ba mu baya. Na jefe shi da ƙoshiya, ban same shi ba. Yatsun Sabo sun riga sun shiga.

Na fizge ƙyallen na kwarara, "Garba, kashe!"

Ya kashe.

A take wani abu ya ɓarke a maƙogwarona. Ɗumi da gishiri suka cika mini baki, jini ya watsu a kan farin yadin da nake saƙawa. Ina tofarwa yana ƙaruwa, ina haɗiya ina shaƙewa.

A bayan motar dilolin yadi aka jefa mu, ni da Sabo. Shi yana rungume da hannu, ni ina kife da kai a bokiti. A nan na saddaƙar a Kano za a binne ni, inda ba wanda zai san kabarina.

A asibiti likitan nan dai muka tarar. Bai yi faɗa ba. Nas biyu suka riƙe ni, ya danna auduga da almakashi a kan mikin har idona ya yi duhu, aka sake tura ni tiyata aka ɗaure jijiyar.

Aka nemi jini. Na Kawu bai yi daidai ba. Na Garba ya yi, ya kwanta aka ɗiba. Da na farfaɗo ya ce, "Yanzu ka zama Bakano, sai ka rage taurin kai."

Sabo ya rasa yatsu, hannun ya tsira. Ni da na warke na tarar an ba wani injina. Garba ya ce daga sama ne. Wataƙila. Daga baya na samu aiki a majemar fata a Challawa.

Alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa likitan nan da nas ɗinsa. Allah Ya ji ƙan Kawu Ilu. Garba kuwa, shi ya tura ni bakin mutuwa, jininsa kuma ya dawo da ni. Ina yi masa addu'a, ko da yake ba kullum take fitowa da sauƙi ba.

Ga mai shirin yin aikin: kada ka bari a sa maka aska a wuya a gida. Ka sha ruwa ko yana ciwo. Ka guji zafi da yaji. Lokacin da ka fara jin sauƙi shi ne mafi haɗari, don a nan ɓawon mikin yake faɗuwa. Ka ga jini, ka tafi asibiti nan take. Kuma ka cika hutunka, ko wa ya zo bakin ƙofa.

Aiki ana samun wani, ni ma na samu. Amma muryata ba ta koma yadda take ba. Da na je Tasawa na yi sallama a ƙofar gidanmu, mahaifiyata daga ciki ta ce, "Wane ne?"