Kwanon Da Na Aiki Isifu Ya Karɓo

Da saukar ruwan farko na bana ƙanena Isifu ya cika shekara goma sha ɗaya a ƙasa. A garinmu Dapaong har yau cewa ake yi iska ce ta ci shi. Ni ina wurin, kuma na san ba iska ba ce.

Guguwar ta zo da la'asar, ta yaye rufin rabin unguwarmu. Washegari kowa ya bazama gonaki neman kwanon rufinsa. A wurinmu, tun ranar da aka yi rufi mai gida ke sa wa kwanonsa shaida saboda irin wannan rana. Tamu ɗigon kwalta biyu ce a gefe. Na leƙa ta katanga, na hango falle uku a jingine a gidan maƙwabcinmu, da baƙi-baƙi a bakinsu. Ban matsa na duba ba, ni da ake tsoron idona a kasuwa.

Isifu ya ce mu bari zukata su huce, mutumin nan shi ma rufinsa ya tafi, iyalinsa ko karyawa ba su yi ba. Na ce, "To zauna. Ni zan je, tunda gidan nan babu namiji."

Ya dube ni ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Yaya." Ya sa takalminsa.

Aka yi ta ja, wannan na cewa nasa ne, wancan na rantsuwa. Ɗan maƙwabcin ya ɗauki katakon rufi ya maka wa Isifu a ka. Itatuwa sun faɗi sun tare hanya, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Jandarma suka tafi da yaron, unguwa ta sa wa gidansu sunan ɓarayi.

Ranar sadakar bakwai wata mai itace ta jawo mini falle uku daga kwari, kowanne da ɗigonmu biyu. Baƙin da na hango hayaƙin murhu ne. Na tura su ƙarƙashin itacen girki, na ja bakina.

Yanzu ina unguwar Didaouré a garin Sokodé, wurin 'yata. Wata maƙwabciyata mai aikin jinya ta ce mini duk bayan babbar iska ba waɗanda gini ya danne kaɗai ake kawo musu ba, har da saran adda da targaɗen sanda, a kan kwano, a kan reshen mangwaro, a kan katangar da ta faɗa gidan wani. Da Isifu na nan ya ga matasa na ɗaukar hoton rufinsu a waya don shaida, na san dariya zai yi, ya ce a fara ba mutane koko tukuna.

Bai bar gadon gida ba, bai bar gona ba. Haƙurinsa ya bari, yana jikin 'yarsa Rakiya, wadda ta girma tana tsine wa mutanen da ba su ɗauki komai namu ba. Rakiya, ki ji daga bakina: kwanon nasu ne. Ni na aiki babanki.