Magen da Na Aika Kudai

A unguwar Mansur, a ƙasa mai tsarki, muka tashi, a shekarun da aka fara buɗe wa 'yan mata makaranta. Bayan magariba Kaka kan hau soro, ta hura gawayi ta ɗora shayi, mu jikoki mu zagaye ta. Daga Kano ta tako ta Sudan, Larabcinta bai wuce na cefane ba. Mu kuwa Larabci ya cinye mana baki.

Dokarta ɗaya ce: ba ta fara tatsuniya sai ta yi kiran buɗewa an amsa mata. Da muka fara tasawa muka daina amsawa, wai ƙauyanci ne. Sai ta tsinto wata ramammiyar mage a bakin mahauta. In ta yi kiran, magen ta yi kuka, sai ta ce, "To, mai ladabi ta amsa. Ku Larabawan ƙarya, ku ci albarkacinta."

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta wata tsohuwa da harshenta ya bushe kamar kilishi don ba mai yi mata magana. Ta tsinci ɗan akuya gurgu, kullum tana yi masa faɗa har harshen ya yi laushi, ƙafafunta suka warware wajen nemo masa ciyawa. Ni dai nakan ce, "Kaka, yalla, mun ji wannan!"

Ranar da magen ta yi fitsari a kan rigar makarantata, na cusa ta a buhu na ba direban unguwarmu ya yar da ita can unguwar Kudai. Da gangan na zaɓi nesa.

Da magariba Kaka ta yi kiran. Shiru. Ta sake. Ina zaune gabanta, na san amsar sarai, amma ina tsoron muryata ta tona ni. Ta sauke butar ta ce, "Safiya, kashe wutar. Yau ba mai ji."

Daga nan ta daina zuwa mahauta karɓo guntun hanjin mage, ta daina sammako. Kafin Hajji ya zagayo, soron ma ya gagare ta.

Na daɗe ina cewa tsufa ne. Ƙarya nake. Na ɗauka ita ke riƙe da mage, ashe magen ce ke fitar da ita daga ɗaki, ke sa ta magana. Ba ta taɓa tambayata ba. Abin da ke ci mini rai ke nan: ta sani, kuma har ta rasu ni take kira in tsefe mata kai.