Abin da Likita Ya Zana Mini

Shekara goma sha shida da aurenmu, matata ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. A ƙauyenmu, can wajen Miga, ba a tuhumar namiji a kan wannan. Ita ta sha rubutu, ta sha saiwoyi masu ɗaci. Ni aikina in kai ta a babur, in jira a waje.

Wata shekara bayan girbi muka je asibiti a Dutse. Likita ya duba ta, ya ce ni ma sai an auna maniyyina. Da sakamako ya fito, ya kira ni ni kaɗai.

"Ƙwayoyinka suna da yawa, Malam, kuma suna motsi."

Na yi hamdala na miƙe. Ni manomi ne. A sanina, in iri ya wadata bai tsiro ba, ƙasa ake zargi.

"Zauna, ban gama ba."

Ya juya takardar ya zana da'ira. Ya ce wannan ƙwan mace ne, yana da ɓawo. Ƙwayar namiji kuma tana da 'yar hula a kanta, ɗauke da sinadarai. In ta iso, sai ta manne wa ɓawon kamar yadda ƙarangiya ke kama wando, ta huda shi ta shige.

"Naka kawunansu a mulmule suke, babu hular. Ko sun iso ba sa kamawa."

Na tambaye shi ko akwai allura. Ya ce a haka aka halicce su. Akwai aikin da ake yi a manyan birane, amma ba aikin irinmu ba ne, kuma ba kullum yake ci ba.

Sai da na yi wata biyu kafin na gaya mata. Tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ɗago ba.

"Inna ta sani?"

Mahaifiyata take nufi. Na ce a'a, amma gobe zan faɗa mata.

"Kada ka faɗa, Malam. Ni an saba da ni. Kai in aka ji, ko majalisa ba za ka iya zama ba."

Na yi gardama kaɗan, sannan na yi shiru, kuma na san shirun ya yi mini daɗi. Shekara huɗu ke nan. Bana ta ce mini al'adarta ta fara tsallake wata, alamar ta kusa ɗaukewa.